Fatar Mushe da Ledar Kasuwa: Talauci ne ko Ladabi?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda bai halicci komai a banza ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin duniya suna ta maganar wani tsari da suke kira tattalin arziki mai kewayawa. Ma'anarsa a taƙaice ita ce kada kaya su bi hanya ɗaya daga masana'anta zuwa kasuwa zuwa bola. A ƙera abu yadda zai daɗe, in ya lalace a gyara, in ya ƙi gyaruwa a narka ko a warware, sharar wata sana'a ta zama jarin wata. A Ingila har gidauniya aka kafa don wannan a 2010, wato ta Ellen MacArthur.

Mutumin Gure, a ƙasar Muniyo ta jihar Damagaram, in aka karanta masa wannan bayani zai ce ai sana'ar kakanni ce aka sa wa sabon suna. Goruba ɗaya a kwari tana ba da kaba ta tabarma da igiya, a ci 'ya'yanta, a yi rufi da itacenta, busassun rassanta kuma a kafa su shinge a kan tudun rairayi don kada ya binne dabino da ramukan kanwa. Manomi yana barin kara a gona bayan girbi, makiyayi ya sauka da garkensa, dabba ta ci kara ta bar taki. Tsohuwar tayar mota tana komawa takalmi, robar cikinta ta koma guga. Gwangwani da tarkacen alminiyum ana narka su a zuba tukunya, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako ta Yamai. Ko a tsangaya haka ne: tawada daga gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, allo guda kuma a rubuta a wanke shekara da shekaru.

To a nan tambaya take. Mai yin haka don babu, yana da falala a kai? Kuma ɗan kasuwa mai yin haka don riba, aikinsa ya shiga babin zuhudu, ko ciniki ne kawai?

Wasu za su ce tilas ba ta zama ibada, mai facin riga da ya samu sabuwa da ya jefar. Akwai gaskiya a maganar, kuma leda ce shaida. Ranar da ta shigo da arha, sai aka ajiye faifai da kwando da ƙwarya. Yau tana rataye a ƙaya a bakin kowace kasuwa, tana toshe magudana, awaki da shanu suna haɗiye ta su rame har su mutu, mahauta suna fiddo ta dunƙule daga tumbi. Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita tun 2014, amma ga ta nan ko'ina. Wannan ya nuna cewa wani kaso na tattalin da aka gada rashi ne ya riƙe shi, da rashin ya sassauta sai ya zube.

Sai dai Sunna ta nuna wani tattali wanda bai rataya a kan rashi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wata akuya da ta mutu, wadda aka bai wa baiwar Nana Maimuna sadaka, sai ya tambayi dalilin da ya sa ba a amfana da fatarta ba. Aka ce mushe ce. Ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Mutane sun ga mushe sun kau da kai gaba ɗaya, shi kuwa ya ga ni'imar da ta rage a jikinta. Nana A'isha ta ba da labarin cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Sayyidina Umar ya sa riga mai faci alhali dukiyar Farisa tana shigowa Madina. Sufayen farko ma an san su da riga mai faci, har Shehu Hujwiri ya ware mata babi a littafinsa Kashful Mahjub. Waɗannan ba su rasa yadda za su yi ba. Sun san cewa kaya na Allah ne, bawa ajiya aka ba shi, kuma za a tambaye shi a kan ajiyar.

Saboda haka ma'aunin yana cikin zuciya, kuma wadata ce take tona shi. Talakan da yake faci yana jin haushin facin, yana da ladan haƙurinsa gwargwadon yadda ya yi shi. Wanda ya mayar da facin godiya, ko da bai da zaɓi, niyyarsa ta ɗaga aikin, domin abin da tilas ta fara niyya tana iya kammala shi. Mai hali kuma da ya ƙi jefar da abin da ke da sauran amfani don kunyar Mai ni'ima, ya fahimci abin da Suratul Isra'i ta tsoratar a kai lokacin da ta haɗa masu almubazzaranci da shaiɗanu.

Game da riba, shari'a ba ta ƙi ta ba, kuma zuhudu bai taɓa nufin rufe shago ba. Malaman tarbiyya suna koyar da cewa duniya ta zauna a hannu, kada ta shiga zuciya. Mai shagon da yake karɓar tsohuwar kwalba ya rage wa mai saye kuɗi, da mai gyaran waya ko babur da yake ciro lafiyayyen ƙarfe daga matacce, suna cin halal kuma suna rage ɓarna a ƙasa. Amma hadisin fatar nan yana ɗauke da wani darasi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, ana amfani da fatar mushe in an jeme ta, amma ba a salla a kanta kuma ba a sayar da ita. Wato sake amfani da abu yana da iyaka, kuma ɗan kasuwa muridi yana da iyakoki uku da zai tsare.

Ta farko gaskiya. Gyararren abu a faɗi cewa gyararre ne. Wanda ya goge tsohon batir ko tsohuwar waya ya sayar da sunan sabuwa ya yi algus, kuma zikirin safe ba ya wanke algus ɗin rana sai da tuba da mayar da haƙƙi.

Ta biyu rashin cutarwa. Jarkar da ta ɗauki maganin ƙwari ba ta zama ta ruwa ko ta mai, ko an wanke ta sau nawa. Maƙerin da ya bari dalmar batir ta shiga narkin tukunya ya zuba guba a tuwon yara, ko da kuɗin ƙarfe ya ragu masa.

Ta uku haƙƙin mai tsinta. Wasu daga cikin tarkacen da ake narkawa yara ne da almajirai suke tono su a bola da hannu, ba takalmi. Mai sikelin da ya tauye su ya shiga cikin waɗanda Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko. Wanda kuma ya sayi ƙarfen da alamunsa suka nuna na sata ne, kamar na famfon gari ko wayar lantarki, ya zama abokin ɓarawo.

Zawiya ma tana da rabonta a wannan hisabi. Bayan Maulidi ko zikirin Juma'a, filin da aka ambaci Allah a cikinsa yakan wayi gari shimfiɗe da ledar ruwa da ragowar abinci, dabbobin maƙwabta suna kiwo a kai. Muridin da yake kakkaɓe farin ƙyallen wazifa ya naɗe shi da girmamawa ya riga ya san ladabin kaya. Saura ya faɗaɗa shi zuwa filin. Randa da moɗa da tire na tarayya suna rage leda. Ragowar tuwo a shanya ta, ko a kai wa mai bukata tun da ɗuminta. Matasan zawiya su tsaya bayan addu'a su tattara abin da aka zubar, su ware abin da masu narki za su saya, kuɗin ya shiga asusun tabarmi da fitila. Wannan hidima ce, kuma hidima tana karya girman kai fiye da dogon wa'azi.

Akwai wata fa'ida ta ƙarshe ga mai suluki. Tarbiyya kanta gyaran abin da ya lalace ce. Shehu ba ya jefar da muridi don ya zo da tsatsa, yana sa shi a wutar istigfari da salati da hailala har ya fito da amfani. Wanda aka yi wa wannan alheri bai kamata ya zama mai saurin jefarwa ba, ko kaya ne ko mutum.

Allah Ya azurta 'yan'uwa da wadar zuci da tsantseni, Ya sa albarka a kasuwancinsu, Ya tsare Gure da kwarurukanta daga rairayi da fari, don alfarmar Shugaban halitta (SAW). Amin.