Laifin Da Aka Ce Ba Ya Gafartuwa

 Ya ƴan'uwa Musulmi, tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sanya Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ƴaƴanmu ƴan makarantar boko za su ƙara cin karo da kalmomin da Turawa ke kiran mugun laifi da su. Ya kamata mu san abin da ke cikinsu tun ba su zauna mana a baki ba.

Idan suka ce "inexcusable", nufinsu mai laifin ba shi da uzuri. "Heinous" kuwa laifi ne wanda ya kai matuƙar muni, kamar kisan kai. Waɗannan ba su da illa. Masu haɗarin su ne "unforgivable" da "unpardonable", domin suna yanke hukunci cewa laifin ba ya gafartuwa.

A wurinmu, aya ta 48 da ta 116 cikin Suratun Nisa'i shirka kaɗai suka keɓe, kuma malamai sun bayyana cewa ana nufin wanda ya mutu a kanta bai tuba ba. Sauran manyan zunubai suna ƙarƙashin ganin damar Allah. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Annabi (SAW), a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Da ya musulunta an karɓa masa, ko da yake Annabi (SAW) ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa, don zuciya ba ta da ƙashi. Imamu Muslim ma ya ruwaito labarin wani da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta ma wane ba, sai Allah Ya gafarta ma wancan, Ya ɓata aikin mai rantsuwar.

Inda muke sakaci shi ne haƙƙin bayi. Gonar maraya da aka cinye, tiyar da aka rage wurin awon hatsi, bashin da aka ƙi biya alhali da hali, istigfari kaɗai ba ya wanke su sai an mayar, ko mai haƙƙi ya yafe. Shi kuma wanda aka zalunta, yafewa ta fi masa lada, amma idan ya ce "ban yafe ba", haƙƙinsa ne, kada a tilasta shi. Abin da ba shi da izininsa shi ne ya ce Allah ba zai yafe ba.