Shirin Tafiya da Dogaro ga Allah: Daga Isa zuwa Bahar Maliya

Tun daga shekarar 1929, lokacin da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, maniyyacin da ya fito daga Isa ko Sabon Birni ya sami hanyar gabas wadda kakanninsa na zamanin Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, ba su san ta ba. Yakan bi ta Shinkafi zuwa Ƙaura, kuɗinsa a ɗaure cikin lalita a ƙugu, garin gero da kilishi a burgami, ya hau jirgi zuwa Zariya, ya sake wani zuwa Kano, daga nan zuwa Nguru inda dogo ya ƙare a 1930. Daga Barno sai mota ko ƙafa ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Wadai da Darfur, har Al-Ubayyid, inda zai sake samun jirgi zuwa Khartum da bakin Bahar Maliya. Kowace mahaɗa tana da nata jira da nata jami'an bincike, kuma mutane da yawa sun ƙare guzuri a Sudan, suka shiga aikin auduga a Jazira shekara da shekaru, wasu ma can suka haifi zuriya.

Irin wannan tafiya ce take tayar da tsohuwar tambaya: idan an riga an rubuta ranar isa da ranar mutuwa, mene ne amfanin lissafin zango da ranar jirgi, kuma shin yawan shiri ba ya nuna raunin tawakkali, wato mayar da zuciya ga Allah game da sakamakon al'amari? Malaman Sunna sun amsa da cewa riƙo da sababi, ma'ana bin hanyoyin da Allah ya sanya abubuwa suke faruwa ta cikinsu, shi ma umurni ne. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo hajji ba guzuri da sunan dogaro ga Allah, idan sun iso Makka su koma roƙo, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri. Hijirar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ita kanta an tsara ta da kyau: an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, an fara nufar kudu alhali Madina tana arewa, an kuma ɓuya kwana uku a kogon Saur.

Sai dai wannan amsa, duk da ingancinta, ba ta taɓo inda tafiya mai gaɓoɓi ta fi wuya ba. Mai tafiya a kan dokinsa yana riƙe da linzami, amma mai sauya jirgi sau huɗu ya rataya kansa ne ga ayyukan mutanen da bai taɓa gani ba, direba da mai ba jirgi hannu da jami'in kan iyaka, kuma jinkirin ɗayansu yana iya rushe duk abin da ya biyo baya. A mahaɗa ne mutum yake gane cewa rabonsa a cikin shirin ƙarami ne ƙwarai, kuma a nan ne tawakkali yake da aikin da ya wuce faɗar "in Allah ya yarda". Tarihin Alkalawa kansa ya ba da misali. A 1807, rundunar jihadi tana kan hanyar birnin, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar ta saboda son duniya da ya gani a cikin jama'a, ya nufi gabas da niyyar hajji. Da ya isa Kano mutanenta suka tsayar da shi domin ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya juya. Bai kai inda ya nufa ba, kuma littafin da aka samu a wannan zango har yau ana karanta shi.

Akwai kuma kuskuren da ya fi barin shiri muni, shi ne a ɗauki ƙaddara a lulluɓe sakacin masu alhaki da ita. Matafiyi yana da ladan haƙuri idan jirgi ya makara ko hanya ta yanke, amma haƙurinsa ba ya wanke wanda aka damƙa wa amanar jirgin ko tsaron hanyar. Mutanen Isa da Sabon Birni sun fi kowa sanin wannan, domin shekaru ke nan da fita daga gari ta koma lissafin wace hanya ce 'yan bindiga suka tare, kuma "Allah ya kiyaye hanya" ta tashi daga gaisuwar sallama ta zama addu'ar da ake yi da hawaye. A mazhabar Malikiyya aminci a kan rai da dukiya yana cikin istiɗa'a, wato ikon da yake wajabta hajji, don haka wanda ya ɗage tafiya saboda haɗari bai tauye imaninsa ba. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga Sarg da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya kuma ɗauki komawar a matsayin wata ƙaddarar ta Allah.

Irin wannan lissafi bai ƙare da tafiyar da ba. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Idan ya kammala, Bagobirin da yake zaune a Kano, mai son ganin Azbin inda labarin baka ya ce kakanninsa suka zauna, zai sauka a Maraɗi ya nemi mota zuwa Agadas, sannan wata mai iya hawan dutse zuwa ƙauyen Timiya, fiye da kilomita 200 a arewa. Dole lissafinsa ya haɗa da iyakar ƙasa, wadda aka rufe a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, duka biyun bisa shawarar mutanen da za a tambaye su a kanta.