Wa zai riƙe taswira? Tunani a kan tafiya da yara masu tasowa

Wani ƙanena, haifaffen Maraɗi, wanda ya fi shekara 20 yana zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, ya aiko mini da wata tambaya da ta hana ni sakat. Yana da ƴaƴa biyu, mace mai shekara 16 da namiji mai 14. Ya yi musu alkawarin cewa idan an yi babban hutu zai zagaya da su wasu ƙasashen Turai a jirgin ƙasa, kwana 12, kowa da jakarsa a goye. Ya zauna dare uku ya tsara tafiyar tsaf: daga Liyon zuwa Janeba, daga nan Zurik, sai Milan, sai Benis, sai jirgin dare zuwa Biyana, sannan Munik da Sitirasbur, a dawo gida. Ƙasa biyar ke nan: Faransa, Suwis, Italiya, Ostiriya da Jamus. Ya rubuta lokacin tashin kowane jirgi, da masaukin kowane dare, har da wurin da za su ci abincin rana. Da ya miƙa wa ƴarsa takardar, sai ta karanta ta mayar masa, ta ce: "Baba, ai ka riga ka yi tafiyar. Mu me ya rage mana?"

Maganar ta yi masa zafi. Ya ce da ni: "Yaya, kai da ka daɗe da ƴaƴan mutane a aji, gaya mini: rashin kunya ta yi mini, ko gaskiya ta faɗa?" Na ga tambayar ta wuce shi, ta shafi duk wani uba da duk wani malami, shi ya sa na kawo ta wannan fili. Ga ta a taƙaice: idan babba zai yi tafiya da yaran da suka fara mallakar hankalinsu, nawa ne daga cikin shirin ya kamata ya riƙe, nawa kuma ya kamata ya sakar musu, ko da ya san za su yi kuskure?

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mai karatu ya san irin tafiyar da ake magana a kai. A shekarar 1972 hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka fito da wani tikiti mai suna Interrail, wanda ya ba matashi damar hawa jiragen ƙasashe 21 har tsawon wata guda. Yau tikitin yana aiki a ƙasashe 33, kuma babba ma yana iya saye. Mazauna Turai ne kaɗai ake sayar wa. Wanda ya zo daga waje sai ya sayi irinsa mai suna Eurail. Mutum yana iya zaɓar wanda zai ba shi, alal misali, kwana 7 na tafiya a cikin wata ɗaya, shi ne zai yanke ranakun da zai hau. Sai dai akwai jiragen da tikitin kaɗai ba ya isa a hau su. TGV na Faransa, da jirage masu gudu na Italiya, da jiragen dare, duk sai an kama kujera ko gado tun da wuri, an biya wani kuɗi daban. Jiragen da ke tsayawa gari-gari kuwa, da yawancin na Jamus da Suwis da Ostiriya, shiga kawai ake yi. Wani abin lura kuma: yaro daga shekara 4 zuwa 11 kyauta yake tafiya a inuwar tikitin babba, amma da zarar ya kai 12 sai a yanka masa nasa tikitin na matasa, da sunansa. Masu jirgin ma sun daina lissafa shi cikin kayan ubansa.

To, mu fara da hujjar uban, domin ba hujja ce ta banza ba. Yara amana ce. Wanda ya fitar da su daga gida shi zai amsa tambaya gaban uwarsu da gaban Ubangiji idan wani abu ya same su. Kuɗin da za a kashe guminsa ne, kuma a lokacin zafi masaukai masu araha na matasa da gadajen jirgin dare suna ƙarewa tun makonni kafin ranar. Wanda ya tsaya jiran yaro ya yi shawara yana iya kwana a benci cikin tasha. Bugu da ƙari, a tarbiyyarmu babba ne ke gaba, yaro ya bi sawu, kuma mun ga amfanin haka. Duk wanda ya taɓa fita da ƴan aji ziyara ya san cewa idan aka ce kowa ya faɗi inda za a je, to rana za ta faɗi ba a je ko'ina ba.

Duk da haka ina ganin yarinyar ta fi ubanta gaskiya, kuma dalilina yana cikin ma'anar amanar kanta. Amanar da ke kan uba ta haɗa da kai yaro gida lafiya, ta kuma haɗa da fitar da mutum wanda zai iya tafiya ba da uba ba. Yarinya mai shekara 16 saura mata shekara 2 doka ta ɗauke ta babba. Tun 2018 Tarayyar Turai take raba irin wannan tikiti kyauta ga dubban ƴan shekara 18 a wani shiri mai suna DiscoverEU, su tafi su kaɗai ko da abokansu. Ranar da za ta tsaya ita kaɗai a tashar wata ƙasa, ba ta jin harshen mutanen, salularta ta mutu, ba ta da nisa. Uban da ya hana ta gwada kuskure yana tsaye kusa da ita, ya ajiye mata kuskuren ne zuwa ranar da ba ya nan.

Masana sun daɗe da gane wannan. Aristo, masanin Yunan, ya lura cewa matashi yana iya gwanancewa a lissafi, amma da wuya a same shi da hikimar yanke shawara, domin ita sai an sha gwagwarmaya da al'amura ɗaya bayan ɗaya ake samunta. Ruso, wanda malamanmu suka karanta a makarantar horon malamai, ya sa tafiya ƙasashe a cikin matakan ƙarshe na tarbiyyar ɗalibinsa a littafin Émile na 1762. Amma hujjar da ta fi kama ni tana cikin Suratun Nisa'i, inda aka umurci waliyyi ya riƙa jarraba maraya, in ya ga ya shiryu wajen sarrafa dukiya sai ya miƙa masa kayansa. Malaman tafsiri sun bayyana cewa jarrabawar ita ce a ba shi wani abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi. Ashe shiriya ba a gane ta da shekaru kawai, sai an ba mutum abu a hannu, an kuma yarda cewa yana iya ɓata shi.

A nan ne nake ganin ma'aunin da za a raba shirin da shi. Akwai kuskuren da ake gyarawa, akwai wanda ba ya gyaruwa. Duk abin da in ya ɓaci ba ya gyaruwa, ko gyaransa ya fi ƙarfin yaro, uba ya riƙe, ba da neman shawara ba. Duk abin da in ya ɓaci asararsa awa biyu ce, ko gajiya, ko yunwar rabin yini, a sakar wa yara, kuma a bar su su ɗanɗana sakamakon.

Mu gwada ma'aunin a kan wannan tafiya. Fasfo da katin shaida suna hannun uba. Gaskiya ne tun 1995 aka fara aiki da yarjejeniyar Shengen wadda ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen nan, amma ana iya neman takardu a cikin jirgi, kuma Jamus ta tsananta bincike a iyakokinta a 2024. Jimillar kuɗin da za a kashe, uba ne zai faɗe ta tun farko, ba ƙari. Gadon jirgin dare daga Benis zuwa Biyana da masaukan kwana, shi zai kama, domin kwanan yarinya a waje ba abin gwaji ba ne. Shi zai kafa dokar abin da za a yi in aka rabu: wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya, wanda aka bari kada ya motsa daga inda yake. Haka kuma salla da abin da za a ci na halal, ba a sa su cikin ƙuri'a, ko da yake neman alƙibla da gano masallacin gari aiki ne da yaro zai yi da murna in an ba shi.

Sauran kuwa nasu ne. Daga Zurik zuwa Milan hanya biyu ce. Akwai sabon rami na Gotar da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57, wanda jirgi ke ratsawa cikin kusan minti 20, ba a ganin komai sai duhu. Akwai tsohuwar hanya ta 1882 wadda ke hawa duwatsu tana kewaye, ta fi cin lokaci, amma ido yana cin abinci. Wace za a bi? Ga tambayar da ba ta da amsa guda, wadda ke koya wa yaro cewa duk abin da ka zaɓa ka bar wani. Kuɗin abincin yini ma a damƙa musu. A Suwis ba a amfani da yuro, suna da nasu faran, kuma rayuwa tana da tsada ƙwarai. Yaron da ya kashe kason yini a kan sanyi da ƙwalam da hantsi zai ci burodi da ruwa da dare, kuma zai fahimci canjin kuɗi fiye da yadda allo zai koya masa. Ita ma jakar goyo malama ce. A gaya wa yaro sau ɗaya cewa duk abin da ya zuba shi zai ɗauka, sannan a yi shiru. Birnin Benis ba mota, gadoji ne masu matakala ɗaruruwa. A can ne takalmi na uku zai bayyana nauyinsa.

Jirgin ƙasa ya dace da irin wannan koyo fiye da mota ko jirgin sama. A mota uba ne ke tuƙi, yara kaya ne a baya. A jirgin sama kuskure ɗaya yana cinye kuɗin tafiyar. A tasha kuwa komai a rubuce yake a kan allo, lokaci da lambar layi, yaro yana iya karantawa kamar ubansa, sau da yawa ma ya fi shi sauri. Jirgin ba ya jiran kowa, ba ya jin roƙo, ba ya sanin ɗan wane. Amma a manyan hanyoyi in ya wuce wani yana tafe bayan awa ɗaya ko biyu. Horo ne mai tsanani wanda ba ya karya mutum.

Wani zai ce wannan ra'ayin Turawa ne, mu ba mu gada ba. Ban yarda ba. Ayarin kakanninmu da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, amma madugu ba shi ke yin komai ba: akwai jagaba mai sanin hanya, akwai masu kula da dabbobi, kuma samarin da ke cikin ayari kowa da kayan da aka ɗora masa alhakinsu daga zango zuwa zango. Ta haka yaron fatake yake zama falke. Yau ma yaron da bai kai shekara 14 ba yana fita da garke tun safe a ƙasar Tawa ko Damagaram, shi ke yanke inda za a yi kiwo da lokacin shayarwa. Mu ƴan boko ne muka fi kowa hana ƴaƴanmu ɗaukar nauyi, muna zaton gata muke yi musu.

Abin da ya fi wuya a cikin wannan shawara yana kan uban. Sakar wa yaro taswira yana nufin ka ga ya nufi layin da ba shi ba, ka san jirgi zai wuce, ka haɗiye maganarka. Yana nufin kuma bayan an yi asarar kada ka ce "ai na faɗa". Uban da ya ba da zaɓi sannan ya riƙa gori duk lokacin da zaɓin ya ɓaci, tarko ya ɗana wa yaro, kuma yaro yana ganewa. Su ma yaran akwai nasu sharaɗin: wanda aka ba shawara ya ɗauki laifinta, ba ya juyawa ya ce Baba ne bai hana ni ba.

Akwai kuma abu ɗaya da na roƙi ƙanena ya gaya musu da bakinsa a hanya, domin taswira ba za ta nuna musu ba. Iyakokin da za su ƙetare suna barci, ɗan baffansu na Maraɗi ba zai ƙetare su ba sai da biza, wadda kuɗin nemanta tun 2024 ya kai yuro 90, wajen jaka 59 na sefa, kuma biya ba ya tabbatar da samu. A ƙasar ubansu, layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar fasinja ba, na Kano zuwa Maraɗi kuma a 2021 aka aza harsashinsa. Yaron da aka ba ƴancin zaɓar hanya ya kamata ya san cewa ƴancin nan rabo ne da wasu ba su samu ba, don kada ya dawo da girman kai a maimakon ilimi.

Mu da ke nan ba sai mun jira jirgi ba. Duk ƙungiyar da za ta kai ɗalibai ganin fadar Sarkin Damagaram ko raƙuman dawa na Kure tana iya riƙe motar da izinin iyaye da kuɗin ko-ta-kwana, ta bar wa ɗalibai lissafin guzuri, da jerin wuraren da za a tsaya, da tambayoyin da za a yi wa mutanen wurin.

Haka na rubuta wa ƙanena. Bayan mako biyu ya kira ni, ya ce ya yage rabin takardarsa. Ya kama gadajen dare da masaukai, ya bar kwana huɗu ba rubutu. Yarinyar ta zaɓi tsohuwar hanyar duwatsu, ta kuma cire Milan ta sa wani ƙaramin gari a bakin tafki wanda shi bai taɓa jin sunansa ba. Yaron kuwa ya dage sai ya tafi da ƙwallonsa. Ya ce da ni: "Yaya, na san ƙwallon nan zai dame shi." Na ce: "Ƙyale shi, bayansa ne zai gaya masa." Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya.