Kada Mu Bar Adalci Ya Gagari Mutumin Karkara

Duk inda aka zauna ana zancen tsaro a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja, magana ɗaya ake ji: a ƙaro sojoji, a ƙaro jiragen yaƙi. Muna buƙatarsu, babu shakka. Wanda ya ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran Islamiyya a Tegina, da na Kuriga a Maris ɗin 2024, ba zai ce a sassauta wa 'yan bindiga ba. Amma akwai wani ɓangare na wannan masifa da ba a daji yake ba. Yana cikin garuruwanmu, a zauren dagaci, a caji ofis, a gaban alƙali, kuma a kansa nake son mu yi wa juna nasiha.

Mu tuna yadda abin yake kafin bindiga ta cika dazukan Rugu da Kamuku da Kuyambana. Shanu sun shiga gona sun yi ɓarnar da ba ta wuce dami biyu ba. Maimakon dattawa su kimanta a biya a rabu, sai a mayar da maganar kasuwa. Mai unguwa na da nasa, ɗan sanda na da nasa, ɗan kotu na da nasa. Makiyayi ya sayar da sa guda ko biyu kafin ya fita, manomin da aka yi wa ɓarnar kuma ya koma gida da abin da bai kai kuɗin motarsa ba. Dukansu biyu sun tafi da ciwo a zuci, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya cuce shi, alhali waɗanda suka ci riba suna zaune a inuwa. Ga burtali an noma, ga mashaya an kewaye, ga makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta ware an yanka wa masu hali. Da satar shanu ta yi ƙamari, wanda aka kwashe wa garke ya kai ƙara bai ga sakayya ba. Aka kafa 'yan sa-kai, wasunsu suka riƙa kama mutum a tsakiyar kasuwa su kashe ba bincike ba shari'a, don kawai kamanninsa ko yarensa. Ramuwar gayya ta biyo baya, irin wadda aka gani a 'Yar Galadima a watan Afrilun 2014, inda aka hallaka mutum sama da ɗari a rana guda.

Ban faɗi wannan don in nema wa ɗan ta'adda uzuri ba. Wanda ya ƙone ƙauye, ya ci zarafin mata, ya ɗora wa manoma haraji kafin su shuka da kafin su girbe, azzalumi ne, kuma hukunci ne ya dace da shi. Na faɗa ne don mu gane cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma har yau tsagar tana nan.

Ku dubi halin da mutumin ƙauye ke shiga idan an zalunce shi. An sace masa babur, kuma ya san wanda ya sata. Zai yi sammako ya nufi hedikwatar ƙaramar hukuma a kan hanyar da shi kansa ba shi da tabbacin zai dawo. Ya isa caji ofis a ce ya kawo kuɗin takarda, ya kawo kuɗin man da za a je kamu. In an dace magana ta kai kotu, sai a ɗage zama, ya dawo a sake ɗagewa, shaidunsa su gaji, damina ta kama shi. Ran nan sai ya haɗu da ɓarawon a kasuwa yana shan rake. Me muke zaton zai yi gobe? Ko dai ya ce ya bar wa Allah, ko ya nemi masu adda. Har an kai ga a wasu yankuna mutane na kai ƙarar junansu gaban jagororin 'yan bindiga, saboda can ne ake yanke magana nan take. Wannan ƙasƙanci ya isa ya hana mu barci.

Alƙalai, 'yan sanda, hakimai, dagatai da masu unguwanni, ku ji tsoron Allah. Kuɗin da kuka karɓa kuka saki mai laifi, jinin wanda zai kashe gobe yana wuyanku. Beli kyauta ne a doka. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan da nisa. Amma mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma da yawansu talakawa ne da babu mai tsaya musu.

Mu ma sauran jama'a muna da namu kason. 'Yan bindiga ba sa sanin wanda ya sayar da hatsi ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni sai an gaya musu. Infoma a cikinmu yake kwana. Mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya da katin waya a sahunmu yake salla. Uwa ta ga ɗanta da sabon babur da waya mai tsada, ba sana'a ba noma, ta yi shiru. Maƙwabci ya ga komai da idonsa, amma da an nemi shaida sai ya ce ba ruwansa. Na san tsoro gaskiya ne, domin an sha kashe mai tona asiri. Shi ya sa bai kamata a bar mutum ɗaya ya ɗauki wannan nauyi ba. Liman da dattawa da shugabannin matasa su tafi tare su kai magana, kuma jami'in da aka ba sirri ya riƙe amana.

Sannan ina roƙonmu da mu bar ɗaukar doka a hannu. Ihun "ɓarawo" ba hujja ba ne, jita-jitar Facebook da WhatsApp ba shaida ba ce. Duk mun yi kuka lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025 bisa zargi kawai. Abin da muka ƙi a yi wa namu a can, kada mu yi wa baƙo ko Bafulatanin ruga a nan. 'Yan sintirin da Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024 suna sayar da rayukansu dominmu, Allah Ya saka musu. Amma aikinsu kamawa ne da miƙa wa hukuma, kuma wanda ya wuce gona da iri a cikinsu shi ma a hukunta shi.

A kowace gunduma a farfaɗo da zaman sulhu, a sa manomi da makiyayi, a sa ardo da sarkin noma da liman, a kimanta ɓarna a gaban kowa, a rubuta, kada mai sulhu ya karɓi ko sisi. 'Ya'yanmu da suka karanta shari'a su waiwayi ƙauyukan da suka fito. Hukumar ba da tallafin lauyoyi ta ƙasa tana nan tun 1976 don kare marasa hali kyauta, amma mutanen karkara da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. A faɗa musu a huɗubar Juma'a da gidajen rediyo, a nuna musu inda ofishinta yake a babban birnin jiharsu. Gwamnoni kuma su kai alƙalai su riƙa zama a manyan ƙauyuka ranar kasuwa, yadda mai ƙara da shaidunsa za su zo da ƙafa su koma gida kafin magariba.