Kartar Tarot da Gidan da Ke Cikin Hotonta

Daga cikin kayan duba da suka yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda wayar hannu ta kawo har gaban samarin Musulmi a yau, akwai wata karta da ake kira Tarot. Kati 78 ne, kowane da hotonsa. Guda 22 su ne manya, sauran 56 kuwa an kasa su gida huɗu, watau kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna.

Masu cin abinci da ita suna cewa wai tsohuwar hikimar Fir'aunonin Masar ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. A arewacin Italiya aka ƙago ta wajen shekara ta 1440, a fadojin Milan da Ferrara, kuma wasa kawai ake yi da ita. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya laƙaba mata asalin Masar, alhali kuwa a lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunonin, don sai a 1822 aka fara warware shi.

Wadda aka fi sani yanzu ita ce wadda wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana aka buga a Landan a 1909. A cikinta akwai kati biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, mai kofi tara, yana nuna wani ƙosasshen mutum zaune shi kaɗai, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kofunansa jere a bayansa kamar kayan ɗakin amarya. Na biyu, mai kofi goma, yana nuna miji da mata tsaye kafaɗa da kafaɗa, 'ya'yansu biyu suna rawa a gefe, ga gida can nesa, kofunan kuwa sun koma sama cikin bakan gizo, babu wanda ya riƙe ko ɗaya. Masu fassara suna cewa na farko biyan bukata ne, na biyu kuwa cikar farin ciki mai ɗorewa.

To, lalle mai zanen ta faɗi gaskiya, kuma ba laifi a yarda da haka. Amma gaskiyar hoto daban, ikon kati daban. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin karta ba ta san cewa mai ci shi kaɗai bai kai mai iyali ba. Abin da boka yake sayarwa shi ne da'awar cewa fitowar wannan kati daga cikin gauraye tana ba da labarin gobe, wanda ilminsa na Allah ne Shi kaɗai. Hukuncinsa ɗaya ne da na bugun ƙasa da duban taurari, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Ɓarnar ba ta tsaya a aƙida ba, takan shiga cikin gida. Matar da aka juya wa kati aka ce mata akwai ha'inci kusa da ita, za ta koma tana kallon mijinta da ƙanwarta da maƙwabciyarta da wani ido dabam, ba tare da sun yi mata kome ba. Wanda kuma kofi goma ya fito masa, sai ya kwanta yana jiran alkawari, ya manta cewa zumunta a ƙafa take. Ta kowane gefe dai, abin da ya je nema shi ne ya raunana.

Su ma masana na ƙasar Amurka sun bi wannan tambaya, amma ta hanyar haƙuri. A 1938 Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar ɗalibanta 268, daga baya aka haɗa da yara 456 na unguwannin matalauta na birnin Boston, jimla 724. An yi ta tambayarsu, ana auna lafiyarsu, shekara da shekaru, har yawancinsu suka tsufa suka mutu. Shugaban binciken na huɗu, Robert Waldinger, ya bayyana cewa jin daɗin zama da na kusa a shekara 50 ya fi yawan kitsen jini nuna wanda zai kai 80 da ƙoshin lafiya. Dukiya da suna ba su yi wannan aikin ba.

Wannan bai zama baƙon labari ga wanda ya karanta Suratur Rum ba, inda aka lissafa natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah, ko wanda ya ji hadisan da suka haɗa sada zumunci da yalwar arziki da tsawon kwana.

Sai dai akwai abin da binciken ya gano wanda hoton bai nuna ba. Waɗansu daga cikin tsofaffin ma'auratan nan kullum cikin cacar baki suke, safe da yamma. Duk da haka ƙwaƙwalwarsu ba ta cutu da wannan ba, muddin kowanensu ya tabbata a ransa cewa ranar da ciwo ya kwantar da shi, ɗayan yana nan a bakin gado.