Ceto Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

A faɗa ba kwana-kwana: duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya buɗe maka ƙofar sama ɓarawo ne, ko da ya sa farin kwat ya rungumi Littafi Mai Tsarki. Da muna jin labarin wannan ciniki daga Accra da Kumasi. Yanzu ta talabijin da TikTok yake shigowa ɗakunan Kiristocin Sagnarigu, daga Kalpohin har Jisonayili, kuɗin kuma su fice ta MoMo cikin dare. Ga kwalbar man shafewa, ga ruwan albarka, ga "shuka iri" don a kawar da hukuncin da aka ce yana kan gidanka.

Wa ya ba su makullin? Bulus ya shaida wa Afisawa cewa ceto kyautar Allah ne, ta wurin alheri. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa da kakkausan harshe. Abin da manzo ya ƙi karɓa, wane fasto ne ya isa ya yanka masa farashi? A Malshegu, nan gefenmu, masu neman zama fada kan shafe shekaru suna karatu a makarantar St. Victor. Shi kuwa annabin waya, lasifika da bakin magana sun ishe shi.

Ku dubi ɓarnar. A watan Mayun 2013 mutum huɗu suka mutu a turereniya a cocin T.B. Joshua da ke Accra, wajen rububin ruwan shafewa. A 2025 kotu ta ɗaure Nana Agradaa kan damfarar waɗanda suka kai kuɗi cocinta don a ninka musu. Tun Disambar 2021 'yan sandan Ghana suka gargaɗi masu annabcin mutuwa a daren 31 ga wata, saboda firgicin da suke jefa jama'a a ciki.

Waɗannan su ne suka shiga jarida. Wa ya ƙirga uwar da ta riƙe ɗanta mai zazzaɓi a gida tana shafa masa mai, Asibitin Koyarwa na Tamale kuwa yana nan kusa? Wa ya ƙirga kuɗin makarantar da suka tafi, ko masarar da aka sayar tun kaka? Mafi muni, annabin da ya ce wa matashi kakarsa ce ta tsare masa arziki. A wannan arewa tamu, inda zargin maita ke korar tsofaffin mata zuwa sansanonin Gambaga da Kukuo, irin wannan magana wasa da rai ne. Mu kuma tsiraru ne a tsakanin maƙwabta Musulmi Dagomba. Kunyar mayaudari ɗaya kan dukan ikkilisiya take faɗawa.

Kada wani ya ce abin zai tsaya a kan kuɗi. Wanda ka yarda shi ke raba wurin zama a sama, ba abin da zai nema ka hana shi: yau sidi, gobe fili, jibi maganin da likita ya rubuta, gata 'ya'yanka. A dajin Shakahola na Kenya, an zargi fasto Paul Mackenzie da sa mabiyansa su daina cin abinci domin su sadu da Yesu. Daga 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin, suka haura 400, da yawansu ƙananan yara ne.