Ko Daidai Ne a Gyara Babbar Dokar Ƙasa?

'Yan'uwa, tsarin mulki shi ne babbar doka wadda take bisa dukan dokokin ƙasa. Wanda Nijeriya take bi yanzu, sojoji ne suka bar mana shi a 1999. Mutane ne suka rubuta shi, aikin mutum kuwa ba ya rasa aibi. To, ko ya kamata a riƙa gyara shi?

Mu tuna da Sarki Dariyus a Littafin Daniyel, sura 6. Ya sa hannu a dokar da al'adar ƙasarsa ta hana a sāke. Da ya ga an yi ta ne domin a kama adali, ya so ya janye, amma ba hali. Aka jefa Daniyel a ramin zakoki. Dokar da ba ta gyaruwa takan ɗaure har mai son yin gaskiya. Amma wadda ake juyawa kowace safiya, mai ƙarfi ne zai riƙa juya ta.

Saboda haka sashe na 9 ya bar ƙofar gyara, amma ya sa ta yi nauyi. Sai kashi biyu cikin uku na dukan 'yan Majalisar Dattawa sun yarda, wato 73 cikin 109, haka kuma 240 cikin 360 na Majalisar Wakilai. Bayan wannan sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Majalisarmu ta Dutse ɗaya ce a cikinsu.

Mun ga ƙofar nan ta buɗe, mun kuma ga ta ƙi buɗuwa. A 2006 aka nemi gyaran da zai ba shugaban ƙasa damar yin zango na uku, Majalisar Dattawa ta ƙi. A 2018 aka rage shekarun mai neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35. A 2023 aka ba jihohi ikon yin doka a kan jirgin ƙasa da wutar lantarki, zancen da ya shafi Malam Madori, garin da ya girma a bakin dogon Kano zuwa Nguru.

Akwai wurin da ƙofar ta fi nauyi. Babi na 4 yana tsare haƙƙin kowane mutum. A cikinsa sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yin sujada. Ba a taɓa wannan babi sai kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisar tarayya sun yarda, tare da jihohi 24. Mu da ba mu da yawa a ƙasar Hadejia, wannan kariya ce gare mu. Haka take ga Musulmin da yake zaune inda 'yan'uwansa ba su da yawa.

Ga inda gwajin yake. Wata rana gyaran da mu muke so ne zai tsaya a bakin ƙofar nan. Ranar nan kada mu ce a sassauta ta, gama manomin fadama da ya fasa jinga domin ya shayar da gonarsa yau, ta nan ambaliya za ta bi ta cinye tasa da ta maƙwabcinsa. Idan gyaran na gaskiya ne, sai mu yi haƙuri mu rinjayi mutane da hujja har adadin ya cika.

Bari mu san wanda yake wakiltar Malam Madori da Kaugama a Abuja, da wanda yake wakiltarmu a Dutse. Idan an kawo zancen gyara, mu tambaya wane sashe za a taɓa, wa zai amfana, wa kuma zai cutu. Mu faɗa musu ra'ayinmu da ladabi, mu kuma riƙa yi musu addu'a Ubangiji ya ba su tsoronsa sa'ad da za su ɗaga hannu.